Man da Baba Ya Ƙara

Hunkuyi, daren Laraba

Na cika injin jirgina mai nutso da man taransifoma, wanda lantarki ba ya bi ta cikinsa, na haɗa masa tib ɗin tayar keke. In ruwa ya matse tib, man ciki zai tokare shi, ruwa ba zai shiga ba. Gobe Yaya Audu zai shiga jirgin ya nutse da shi a tafki.

Da la'asar Baba ya ce, "Injiniya, manka ya ragu, na ƙara maka da na suyar Innarku."

Man gyaɗa ne mai gishiri, lantarki kuwa na bi ta cikinsa. Zai iya kashe injin alhali Yaya yana ƙarƙashin ruwa.

Na durƙusa na yi wa Baba godiya. Yanzu na zubar da man duka, ba ni da wani. Ban taɓa ce wa Baba ya yi kuskure ba. Da asuba zan faɗa masa.