Saniyar Malam Tana Turkenta

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya maigidan da yara, ya ƙafar taki? Mu nan Yalwawa sai haƙuri, har yanzu ina takaba.

Saniyar da Malam ya bar wa marayunsa ce ta rame tun da ta haihu. Dasashinta ya yi fari, nono ya ja baya. Baffan yara ya ce a ba ta ruwan da maƙera ke sanyaya ƙarfe da shi, wai akwai ƙarfe a ciki. Na ba ta, shiru. Sai ya ce a sayar wa mahauta.

Na aika aka kira malamin dabbobi. Ya ce kaska da tsutsa suka shanye mata jini. Ya yi mata allura, ya bar garin sinadarin ƙarfe ina cuɗawa a dusa. Nonon ya fara dawowa, yara suna sha.

Jiya Baffa ya shigo da igiya. Na tsaya gaban saniyar na ce, "Baffa, Malam ya kafa turken nan da hannunsa. Sai dai ka ja ni tare da ita." Ya fita da igiyarsa.

Ki sa Malam a addu'a, ki gaida kowa. In Baffa ya kira ki, kar ki soma ba ni haƙuri.

Ƙanwarki,
Rabi