Haƙori Mai Jan Fenti

Yaya,

Sallama irin ta kewa. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya Inna? Yaya ƙarin haƙurinmu?

Ni lafiya lau. Yatsuna ne kawai ba na jin su da safe. Girgizar injin sare itace ce, kowa a nan haka yake. Kada ka gaya wa Inna.

Na ji za ka fara aiki da injin sare itacen Baba. Don Allah, in ka ga yana fitar da gari maimakon ɓarɓashi, kashe shi. Sarƙar ta dakushe, kuma dakusasshiyar sarƙa ce ke sa inji ya yi tsalle ya nufo fuskar mutum. Magagarin da yake wasa ta da shi yana cikin gwangwanin ƙusoshi. Kowane haƙorin sarƙar goga uku. Kada ta yi sako-sako, kada ta rasa mai.

Za ka ga haƙori ɗaya da jan fenti. Daga kansa Baba yake fara wasawa, in ya zagayo kansa sai ya ce, "Matafiyi ya dawo gida." Shekara shida ina ce masa baɗi zan dawo, har kuka rufe shi ba ni.

Kada ka goge fentin nan, Yaya. Bar mini shi.

Allah ya jiƙansa.

Ƙaninka