Layin da Ya Rage da Sunanka

Zuwa ga yayana Lawali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai kayan aikin nan sun samu.

Ka tuna su ai, waɗanda ƙwararru ke rubuta manhaja da su, ake ba ɗalibai kyauta. Da ka nema aka hana ka, domin ka bar makaranta ka koma haƙar zinari a Dareta don ka riƙe mu, ni da Inna. Dariya ka yi, ka ce, “Wanga abu na ɗalibbai na, Saratu. Ke dai shiga makaranta in ɗana da katinki.”

Na shiga. Katin shaidar ɗalibar bai fito ba sai bayan rami ya rufta da kai.

A tsohuwar kwamfutarka na tarar da aikin da ka faro, manhajar da za ta riƙa tuna wa iyaye mata ranar kai yara gwajin gubar dalma a Anka. Ba ka taɓa cewa saboda autanmu da gubar ta kashe ba ne, amma na sani.

Yaya, ashe kayan nan suna nuna sunan wanda ya rubuta kowane layi na manhajar. Ina buɗewa na ga Lawali, Lawali, har ƙasa. Na yi kuka sai da Inna ta leƙo.

Sai dai kai da gaggawa! Kuskure ko'ina. Duk layin da na gyara kuwa, sunanka ya sauka nawa ya hau. A shafin tura saƙo layi ɗaya ya rage naka, kuma shi ke hana saƙon fita. Na daɗe ina kallonsa, hannuna ya ƙi. Ga karatuna ya zo ƙarshe, ina gamawa za a rufe mini kayan.

Yau da safe na yi bismilla na gyara.

Saƙon farko wayar Inna ya faɗa, ashe lambarta ka sa don gwadawa. Ta miƙo mini in karanta mata. Kalmominka ne: “Inna, gobe ranar gwaji ta, a kawo yaro.”

Ta ce in sake karantawa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ladar duk yaron da saƙon nan ya kai asibiti a mizaninka.

Ƙanwarka mai kewarka,
Saratu