Motar da Za Ta Kai wa Kaka Buta

Assalamu alaikum, Anti Ammatullahi.

Don Allah ki taimake ni, kuma kada ki sa sunana. Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba, ko Innata. Ni ce yarinyar da ta sa mutane suka watse da gudu a shingen 'yan gora, masu sintirin sa-kai, na hanyar kasuwar Gamboru ranar Asabar ɗin da ta wuce. A unguwarmu ana ta ba da labarin, har an ce baƙuwa ce, doguwa, mai jajayen idanu. Ni gajeriya ce, kuma ina zaune a gefen tabarma ina ɗinkin hula lokacin da maƙwabciyarmu take rantsuwa cewa ta ga idanun da kanta.

Amma ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Matsalata inji ce.

Shekarata goma sha huɗu, ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare, saboda mun daɗe a gida lokacin da aka rufe makarantu. Da can mutanenmu makiyaya ne a wajen Khaddamari. Yanzu Baba dillancin dabbobi yake yi a kasuwa. Kakata, Kaka Gumsu, ƙafafunta sun daina ɗaukarta tun bara. Ɗakinta yana can ƙarshen tsakar gida, randa kuma tana nan bakin madafa, tsakaninsu rairayi ne. Sau biyar a rana tana buƙatar butar alwala. Ba ta son kiran kowa. Ta ce matar da ta tatsi shanu arba'in da hannunta ba za ta riƙa roƙon ruwa ba. Idan ba a lura ba sai ta ja jiki a ƙasa ta je da kanta.

Shi ya sa na haɗa mota. Na yi jikinta da falanki, tayoyi da rimot kuma na ciro su daga wata motar wasa da aka yar. Nufina Inna ta cika buta da safe ta ɗora, Kaka ta danna daga kan tabarmarta, ba ta roƙi kowa ba. A ɗakin ajiye dusa nake aikin. Inna tana zaton hadda nake yi a ciki, har tana yabona wajen baƙi.

Abin da ke juya tayoyin gaba hagu da dama wani ɗan inji ne da ake kira servo. Malam Pindar, mai koya mana kimiyya, shi ya nuna mana shi a aji. Ya ce mai tambaya ya ɗaga hannu. Ina da tambaya uku, har yau suna bakina. Da kuɗin hula na sayi ƙaramin, shuɗi, a Gamboru. A kan siminti, ba kaya, motar tana juyawa gwanin sha'awa. Da na ɗora buta cike na sa ta a rairayi, sai injin ya kama kuka kamar sauro, tayoyin suka ƙi juyawa, motar ta miƙe ta shiga tsakanin ƙafafun ragon da Baba yake turkawa. Ragon ne ya sha ruwan. Na buɗe injin na ga haƙoran da ke ciki na roba ne, sun niƙe. Na sake sayen wani, shi ma haka.

Ranar Asabar na koma wurin Malam Nasidi mai kayan lantarki. Ya fito da guda biyu baƙaƙe. Ɗaya an rubuta kilo goma a kwalinsa, ɗayan kilo ashirin da biyar, kuma ya fi tsada sosai. Ya ce duka haƙoransu na ƙarfe ne, amma in ɗauki babban in huta. Ni kuwa tun da nake ban taɓa ganin Baba ya sayi dabba bai buɗe bakinta ya duba haƙora ba. Na tattara duk ƙarfina na roƙi Malam Nasidi ya kwance mini su in gani. Sai da na faɗa sau uku kafin ya ji. Ya yi dariya ya ce wannan ba rago ba ne. Kunya ta kama ni, na tafi ban sayi komai ba.

Na je ne da rimot da batir da mataccen injin don in gwada, kuma duk na ɓoye su a ƙarƙashin hijabina, saboda ba na son a ga mace da kayan wasan maza. A shinge aka ce kowa ya sauka daga keke napep ya ɗaga hannu. Ina ɗagawa jar waya ta zubo. Ashe kuma ban cire batir ba, injin ya soma kukan nan nasa. Anti, mai keken ya bar kekensa. Mai lemo ya bar lemonsa. Daga nesa ana ta yi mini tsawa in faɗi abin da nake ɗauke da shi, ni kuma ina tsaye hannu a sama. Allah ya sa matar da ke binciken mata, Anti Safinatu, ita ce mai karɓar hulunan da nake ɗinkawa. Ta gane ni, ta hana kowa motsi, ta sa na ajiye kayan a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Daga baya wani dattijo cikin 'yan goran ya duba injin ya ce ai wannan ya mutu, kamar ban sani ba. Anti Safinatu ta ja kunnena ta ce ba za ta gaya wa Inna ba idan ban sake ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne mutane sun kai hamsin suna kallona.

To Anti, wanne zan saya? Na kilo goman zai isa, ko shi ma niƙewa zai yi? Idan na sayi babban, batirina zai iya da shi? Na san ba irin wannan ake rubuto miki ba, amma ke ba kya ganin fuskata.

Batun shinge kuwa kada ki damu, na riga na gyara. Na ɗinka aljihu daga cikin hijabin, mai maɓalli biyu, yadda ko na ɗaga hannu babu wayar da za ta leƙo. Asabar mai zuwa zan koma.

Taki,
Mai Hula daga Umarari

Wa alaikumus salam, 'yata.

Shekara tara ina amsa wasiƙu a wannan shafi, yau ne karon farko da aka rubuto mini a kan haƙoran da ba na mutum ba. Sai da na tsallaka gidan maƙwabcina Injiniya Simon da takardarki a hannu, ban nuna masa komai ba sai tambayoyin. Ga abin da na samo.

Kilon da ke jikin kwali ba nauyin kayan da motar za ta ɗauka ba ne. Ƙarfin murɗawar injin ne, a tazarar santimita ɗaya daga tsakiyarsa. Idan hannun da kika ɗaura masa ya kai santimita biyu, rabin ƙarfin ya rage. Saboda haka ki maƙala sandar sitiyarinki a ramin hannun da ya fi kusa da tsakiya. Shuɗin da kike saya ƙarfinsa bai wuce kilo biyu ba, kukan da yake yi kuwa alama ce an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Malam Nasidi yana da gaskiyarsa: babban ba zai niƙe ba. Sai dai yana zuƙar wuta da yawa, zai iya shanye batirinki motar ta tsaya a tsakiyar hanya, ko ya karya falankin da kika ɗaure shi a kai. Buta ɗaya a rairayi, na kilo goma ya wadatar, in dai haƙoransa ƙarfe ne duka. Ki matsar da butar ta zauna kan tayoyin baya don na gaba su samu sauƙi, ki ba injin batirinsa daban, kuma ki rufe shi daga rairayi. Injiniya ya ƙara da cewa wanda ya ce a buɗe a duba ya san abin da yake yi, domin akan samu mai sunan ƙarfe da haƙorin roba ɗaya a ɓoye. Kin ji, ba ke ce abin dariya ba a shagon nan.

Yanzu ki ajiye allura ki saurare ni. Kin ce kada in damu, kin gyara. Da na karanta wannan layi sai da na tashi na sha ruwa. Kin san garin da muke ciki, kin san abin da aka sa 'yan mata sa'anninki suka ɗauka a ƙarƙashin hijabi, kin san kuma mutanen da suka gudu ba wawaye ba ne, wasunsu sun binne nasu. Wayar da ta zubo an gan ta, an yi tambaya. Wayar da aka laluba aka samu a ɗinkakken aljihun ciki, ba lallai a tsaya tambaya ba, kuma ba kullum Anti Safinatu take aiki ba. Ba na aibata kunya, ado ce. Amma taki ta kai ki inda kika fi gudun kallo a kan gudun harsashi.

Ki farke aljihun nan yau, kafin ki ci abinci.

Sannan ki ɗauki motar ki ajiye a gaban Babanki. Idan bakin ya ƙi buɗewa, ki miƙa masa wannan shafi. Ki roƙi Malam Pindar ya rubuta takarda da hatimin makaranta cewa aikin ɗaliba ne, kuma idan kin je, ki sauke masa tambayoyin nan uku. Ranar Asabar ki cire batir, ki jera komai a faranti a fili, ki ɗora a ka, Baba yana gefenki. Za a kalle ki, na sani. Ki bari a kalla. A shago kuwa ki bar wa Baba maganar buɗewa. Mutumin da yake buɗe bakin bijimi a kasuwar shanu, ina son in ga mai shagon da zai hana shi kwance noti huɗu.

Allah ya tsare ki a hanya, ya ƙara wa Kaka Gumsu lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a garin nan. Allah ya sa wannan karon Kaka ce za ta samu ruwan, ba ragon ba.

Anti Ammatullahi