Ruwan Talabijin a Firjin Zoɓona

Zuwa ga: Alhaji Sha'aban, Shugaban Kwamitin 'Yan Kasuwarmu, Ginin Tianxiu, Guangzhou
Daga: Hajiya Fasuma mai zoɓo, hawa na tara
Kwanan wata: Litinin, 17 ga Fabrairu, 2025

Game da: Ɓata mini sana'a da Malam Ghali dillali ya yi

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta girma, ina miƙa kukana kamar haka, a yi haƙuri da rubutun tsohuwa.

1. Ranar 20 ga Janairu Malam Ghali ya roƙi wuri a firjina. Dillali ne na wata masana'anta a Baiyun mai haɗa wani ruwa da ƙwayoyin da ido ba ya gani, wai shi ke sa launin talabijin ya fito tar. Ya ce zafi na lalata samfurin, masana'anta kuma ta tafi hutun sabuwar shekarar China. Na amince saboda uwarsa ƙawata ce a Fagge, ko da yake ita ma haka take da aron tukunya.

2. Ruwan ja ne jawur, kwalaben ba komai a jikinsu sai rubutun China. Ranar 6 ga Fabrairu Alhaji Zailani na Maraɗi ya shigo da ƙishirwa, ya ɗauki ɗaya a zaton zoɓo ne, har ya cire murfi. Wari ne ya cece shi. Sai a lokacin Ghali ya ga damar sanar da ni cewa guba ce.

3. Maimakon ya ba da haƙuri, sai ya kashe wutar shago, ya haska kwalbar da fitilar duba jabun kuɗi, ta kama ja kamar garwashi. Aka yi ta tafi, aka ɗauka a waya. Na ji hoton ya kai Kantin Kwari, da sunana a ƙasa.

4. Tun ranar duk mai sayen zoɓona sai ya haska shi da wannan fitila. Har maƙwabciyata Ramatou, wadda na rufa wa asirin da ba zan rubuta a nan ba, sai in an tambaye ni. Yawanci ma sun daina zuwa. Daga Kano ake auno mini zoɓon nan ta jirgin sama, ni nake jiƙawa, yanzu ni nake zubarwa da yamma. Gwiwoyina sun gaji, ga azumi a bakin ƙofa, kuma da cinikin azumin nake riƙe shagon nan.

Saboda haka ina roƙon Kwamiti ya sa Ghali ya kwashe kwalabensa, domin har yau suna nan kusa da citta, ni kuwa tsoron taɓa su nake. Ban nemi tara ba. Alfarma ɗaya nake nema: ranar Juma'a 21 ga wata, bayan an sauko daga masallaci, Shugaba ya hawo da kansa ya sha kofi ɗaya a gaban jama'a. A bar fitila a ofis.

Allah ya ƙara girma, ya ja kwana.

Taka mai biyayya,
Hajiya Fasuma