An Gyara Kwamfutar, An Fitar da Muryar Babana

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin lokaci ya ƙure mini. Ban taɓa rubuta wa jarida ba, kuma wannan ce takarda ta uku da na fara, biyun farko na yayyaga su. Ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye.

Shekaruna goma sha bakwai, ina ajin ƙarshe a sakandare. Babana malamin lissafi ne. Shekara ashirin da shida yana koyarwa, har bara da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Yanzu da sauƙi, yana zama a kujera, yana cin abinci da hannun hagu, yana gane kowa, amma magana ta tafi. Ko sunana ba ya iya kira.

Yana da wata tsohuwar laftof mai nauyi kamar dutsen niƙa, harafi ɗaya ma ya ɓalle daga madanninta. A cikinta yake ɗaukar muryarsa yana warware lissafi saboda ɗaliban da suka rasa aji. Darasi saba'in da huɗu ne, na ƙirga. A kusan kowanne sai ya yi gyaran murya ya gargaɗi ɗalibai cewa kada su tsallake layi, wai wanda ya tsallake layi ko ya dace da amsa bai iya ba. Akwai guda da aka ji ni ina ƙarama na shigo ina kuka an ɗauke mini fensir, shi kuwa ya fashe da dariya, bai goge wurin ba. Tun da ya kwanta, kullum na dawo makaranta sai ya nuna kwamfutar da yatsa, in kunna, mu saurara tare. Ni ina karatun jarrabawa, shi yana jin kansa. Wani lokacin leɓensa har motsi yake yana bin maganar.

Gaskiya kwamfutar ta gaji. Idan na kunna ta, sai in cire kayan makaranta, in wanke safa, in dawo ba ta gama buɗewa ba. Ni ban taɓa ƙorafi ba. Yayana ne, wanda yake aiki a wani gari yana zuwa ƙarshen wata, ya gan ni ina jiran ta, ya ce wannan ai azaba ce, zai kai ta a sa mata sabon furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, a kuma canza faifan ajiyar, wanda masu gyara ke kira had-dis, a sa irin na zamani mai sauri. Ya ce kyautar jarrabawata ke nan. Umma ta yi ta sa masa albarka.

Anti, abin da ke cin raina shi ne tare muka je. Na sani sarai cewa ba a cire faifai sai an kwafe abin da ke ciki. An koya mana a aji, har na ci tambayar a gwaji. Na ma rubuta a 'yar takarda na saka a aljihu don in miƙa. Amma shagon ƙarami ne, cike da maza suna musun ƙwallo, Yaya kuma yana ta bayani da ƙarfi kamar shi ya ƙera injin. Na buɗe baki sau biyu, murya ta ƙi fita. Mai gyaran ya tambaya ko akwai abu mai muhimmanci a ciki, kafin in haɗiye yawu Yaya ya ce tarkacen tsofaffin darussa ne kawai, a sa komai sabo. Ashe a al'adarsu idan ba ka nemi tsohon kaya ba, nasu ne, a bakinsa suke yi maka rangwame. Ina kallo ya kwance faifan da sukundireba ya jefa shi cikin wani gwangwanin biskit mai cike da irinsa. Abin da kawai na iya yi shi ne na karanta lambobi shida na ƙarshe da ke kan takardar da ke manne a jikin faifan, na rubuta a tafin hannuna da biro. Kin ji wauta, ko? Mutum ya iya rubuta lamba amma ya kasa cewa a dakata.

Yau kwana tara. Kwamfutar tana buɗewa kafin ƙiftawar ido, kuma babu komai a cikinta. Sabon furosesan ma zafi yake yi, fankarta tana kuka kamar injin markaɗe, jiya ta mutu da kanta sau biyu. Yaya ya koma wurin aikinsa, yana buga waya yana tambaya ko ina jin daɗin saurin, ni kuma ina cewa na gode. Umma ta faɗa wa duk maƙwabta irin ɗan da Allah ya ba ta. Shi da bai taɓa zama awa ɗaya cur kusa da kujerar Baba ba, shi ne ɗan albarka. Ni da nake goge masa baki, ni ce zan zama marar godiya idan na yi magana. Allah ya yafe mini, amma idan na ga sunansa a waya sai in bar ta ta yi ta ƙara kafin in ɗauka.

Baba kuwa kullum sai ya nuna kwamfutar da yatsa. Ranar farko na ce babu caji. Washegari na ce caja ta lalace. Yanzu ba na cewa komai, wucewa nake kamar ban gani ba. Shekaranjiya ya daɗe yana kallona, sannan ya sauke hannun a hankali ya juya fuska bango. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai yanzu da ba zai iya tsawata mini ba.

Wata ƙawata ta ce masu gyara goge tsofaffin faifai suke yi su sayar. Idan haka ne, muryar babana tana cikin gwangwani tana jiran layinta. Ina tsoron komawa shagon ni kaɗai, ina tsoron ɓata wa Yaya rai, ina tsoron Baba ya sani. Anti, me zan yi?

Taki,
'Yar Malamin Lissafi

*

Wa alaikis salam 'yata. Share hawayenki, akwai aiki a gabanki, kuma na gobe da safe ne, ba na mako mai zuwa ba.

Ƙawarki ta yi gaskiya, da yawa suna gogewa su sayar, don haka kowace rana da kika ƙara tana da haɗari. Yau ɗin nan ki zaunar da Umma ki faɗa mata komai. Idan baki ya ƙi, miƙa mata wannan shafin ta karanta. Gobe ku tafi shagon tare, da wuri, kafin 'yan musun ƙwallo su hallara. Lambar da kika kira wauta ita ce dabara mafi kyau da aka yi a shagon nan ranar, domin da ita za a zaƙulo naku daga cikin gwangwanin. Ku nemi faifan cikin girmamawa. Mai gyaran bai yi sata ba, ya tambaya an ba shi amsa. Idan ya ce a mayar masa da rangwamen da ya yi, ku mayar ba ciniki.

Idan kun same shi lafiya, kada a mayar da shi cikin kwamfutar. Akwai wani ɗan akwati da ake sa irin wannan faifai a ciki a jona shi da kwamfuta kamar filash, ku saya, ku kwafe darussan a wuri biyu, ɗaya ya zauna a ɗakin Umma. Idan an riga an goge shi amma ba a zuba sabon abu a kai ba, ku karɓo shi haka, kada kowa ya ajiye komai a ciki, ku kai wa wanda ya ƙware wajen dawo da bayanai. Sau da yawa ana dacewa. Ba zan yi miki alkawari ba, don idan an sayar ko an rubuta a kai, zai yi wuya. Ko da hakan ta faru, ki tuna don ɗalibai aka ɗauki darussan nan. Ki tambayi tsofaffin ɗalibansa da abokan aikinsa, da wuya a rasa wanda ya kwafa.

Batun zafi kuma, ki daina amfani da ita har a duba. Ku ce ya share ƙurar fanka, ya sake shafa man da ke sanyaya furosesa. Idan ba ta daina ba, sabon furosesan ya fi ƙarfinta ne, ku nemi tsohon a wurin mai gyaran a mayar. Yawancin saurin da kike gani daga sabon faifan yake, ba za ki yi babbar asara ba.

Yanzu Yaya. Ya yi kuskure: ya yanke hukunci a kan abin da ba nasa ba, ya kira shi tarkace bai ko buɗe ba. Kina da dalilin jin haushi. Amma wa ya taɓa gaya masa abin da ke da Baba kuke yi bayan makaranta? Mutumin da ke nesa yakan rasa yadda zai taimaka, sai ya kama abin da hannunsa zai iya. Godiyar da kike yi masa a waya alhali zuciyarki na tafasa ba ladabi ba ne, rami ne kike haƙawa tsakaninku. Ki gaya masa. Ina kyautata zaton shi zai fi kowa kiɗimewa. Kunya ado ce, 'yata, amma ba a wurin da za a yi asara ba.

Maganar Baba na bari a ƙarshe don shi ya fi muhimmanci. Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana sauraron uzurin ɗalibai, kina tsammani zancen caja ya shige shi? Harshensa ne ya tafi, hankalinsa yana nan. Ina jin ba kwamfutar ce ta sa ya juya fuska bango ba, wucewar da kika yi ne. Kada ki jira sai an samo faifan. Yau, kafin ma ki je wurin Umma, jawo kujera kusa da shi, ki faɗa masa abin da ya faru daga farko, ba tare da kin tsallake layi ba. Sannan ki buɗe littafinki ki warware masa lissafi ɗaya da ƙarfi, yadda ya koya miki. Idan kin yi kuskure, za ki ga yatsan nan ya ɗaga.

Allah ya sa ku tarar da faifan yana nan, ya ba Baba lafiya, ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Antinki