Furotin da kaba

Yaya Hadiza,

Gaisuwa daga Gure. Ya jikin maigida, ya yara?

Ƴarki Falmata ta zo hutu daga jami'a. Ta nuna mini hoton wani sinadari mai suna furotin a waya, wai shi ke kai saƙo cikin ƙwayoyin jikinmu. Murɗe yake kamar igiya, da ɗan aljihun karɓar saƙo. Ta ce in tuƙa mata irinsa da kaba don jarrabawarta. Ni mai sayar da igiya, dariya na yi! Yaya, dami guda na ɓata, aljihun ya ƙi zama. Na ce mata kabar bana ce ba kyau. Amma ba laifin kaba ba ne, furotin ɗin nan Allah ke naɗe shi cikinmu ba hannu. Subhanallah!

Jarrabawa ta matso, ki yi mana addu'a. Gaida kowa.

Ƙanenki, Mamman